Agogon da Ka Ce In Riƙe Maka

Zuwa ga ɗana Habila,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Nan ne wurin da ake cewa ina fata kana lafiya kamar yadda muke lafiya. To, kai ba ka nan, ni kuma ba lafiya nake ba, saboda haka na tsallake wannan. Na san ba za ka karanta takardar nan ba. Ban haukace ba tukuna, ko da yake mutanen gari sun fara faɗa. Da kana raye ma yaushe ka taɓa karanta rubutuna ba ka yi dariya ba? Cewa kake kamar kaji sun yi tono a shara. Ni ban shiga makaranta ba, a ajin baftisma aka koya mini baƙaƙe da gemuna. Kai kuwa cittar gonata ce ta kai ka har jami'a. Sai ka yi haƙuri da tonon kajin. Akwai dalilin da ya sa nake rubutun, in na kai wurin zan gaya maka.

Maganar agogonka ce.

Ka tuna ranar a asibiti a Kaduna, da za a tura ka ɗakin tiyata? Nas ta ce a cire zobe da agogo. Matarka Rifkatu tana tsaye a bakin gado, har ta miƙo hannu. Ka tsallake ta, ka kamo hannuna, ka ɗaura mini da kanka. Ka ce in riƙe maka. Ka ce kada in ajiye shi, don irin wannan ba ya cin batir, motsin hannun mai shi ne abincinsa, in aka kwantar da shi kwana ɗaya biyu sai ya mutu. Ka ce in ka fito za ka karɓa. Habila, ga damina ta uku tana ƙarewa. Haka ake ba mutum ajiya?

Ni dai na riƙe. Da shi na bi gawarka zuwa gida, da shi na zuba maka ƙasa kusa da uwarka. Bai taɓa kwana a kan tebur ba.

Labarin gida ba mai daɗi ba ne. Citta ta ruɓe a ƙasa, wadda na tono ko kuɗin taki ba ta mayar ba. Na sayar da uwar aladen nan mai baƙin kunne don ba na iya ɗaukar dusa. Ɗakin uwarka yana yoyo ta kusurwar da na ce maka a canja kwano ka ce sai Kirsimeti. Ciyawa ta rufe kabarinku biyu, na nome taka rabi, numfashi ya ƙare mini. Hannuna na hagu kuma ya yi nauyi tun wata safiya da na tashi bakina a karkace. Bakin ya koma, hannun bai koma ba. Yana nan a rataye kamar ba nawa ba. Shi ya sa na mayar da agogon hannun dama.

Maɗaurin ne ya fara ba ni wahala. Ka san fatar nan mai ruwan ƙasa da ka zo da shi a kanta. Akwai huda ɗaya da ta buɗe ta yi baƙi, ita ce taka, inda kake maƙala shi kullum. Hannuna bai taɓa cika wannan hudar ba. Na sa ƙusa a wuta na huda wata a gaba. Na rame, na ƙara wata. Na ƙara ramewa, na ƙara, har fatar ta ƙare, babu wurin ƙusa. Ga zufa, ga ruwan sama, ga ƙasar gona. Fatar ta tsage kusa da maƙalin, na ɗaure da robar tayar keke. Rannan ina cire ciyawa a gonar gwaza, na ɗago hannu na ga wayam. Habila, da rarrafe na bi kunyoyin nan, ina tona laka da yatsu, ina kiran sunanka kamar kai ne ka faɗi. Na same shi a kife a ƙarƙashin ganye. Yana tafiya. Na zauna a lakar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka, don ranar mutane sun yi yawa.

Washegari na hau mashin zuwa Kagoro, na shiga mota zuwa Kafanchan. Akwai wani mai gyaran agogo a bakin kasuwa, yana zama ƙarƙashin lema da akwatin gilashi. Da ya ga abin da ke hannuna sai ya yi fito, ya maƙala ɗan madubinsa a ido, ya dube shi, ya dube ni, ya dubi takalmina. Wai a ina na samo. Na ce a inda ubansa ya yar. Ya yi dariya ya ce in yi haƙuri, tunda ya fara sana'ar nan irinsa bai zo hannunsa ba sai a hoto. Ka ji. Kai da ka kasa canja wa uwarka kwano, ashe abin hoto kake ɗaurawa a hannu.

Ya auna tsakanin ƙahonnin nan biyu da maɗauri yake shiga, ya ce ba kowane ne zai zauna ba, sai mai faɗi daidai. Ya baje mini abin da yake da shi. Akwai sarƙar ƙarfe, wai ba ta tsoron ruwa ko zufa. Na gwada, ta zame har gwiwar hannu, ga sanyi, ga cizon gashi, sai ka ce an sa mini ankwa. Akwai na roba baƙi, irin na yaran da ke tuƙa mashin, yana warin sabuwar taya. Akwai na ƙyalle mai ratsi-ratsi kamar ɗamarar ɗan makaranta. Akwai wani mai ƙyalli da ya rantse fatar kada ce. Na ce kadan nan da ciyawa aka kiwata shi, don warin saniya yake. Ya ce to Baba, na ainihin kamfanin sai an aika Legas, shi ma ba lalle ba. Ya ce mai noma roba ta dace da shi, mai ofis fata, ni wanne ne? Na ce ni mai ajiya ne. Ban sayi ko ɗaya ba.

Ga abin da ban gaya masa ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Ina sunsuna tsohuwar fatar nan. In na kai ta hanci, ƙarƙashin warin laka da nawa, akwai naka. Kaɗan ne ya rage, kamar hayaƙi a tsohon ɗaki, amma yana nan. Wane maɗauri ne a kasuwar Kafanchan zai ba ni wannan? Da kana raye ban taɓa rungumar ka ba tun ka yi wayo. Ba a yi mana haka ba, mu ma ba mu iya ba. Yanzu ga ni da furfura ina sunsunar fatar saniya.

Kafin in tashi ya ciro wayarsa ya kwatanta, ya ce agogon yana baya, ba kaɗan ba. Nan ya taɓo mini gyambo.

Ka san tun rasuwar uwarka ni ke buga ƙararrawar majami'a, guntun ƙarfen layin dogon nan da ke rataye a ƙiryar bakin fili. Da can da rana nake aiki, in ta leƙo ta kan dutse sai in buga, ba wanda ya taɓa ƙorafi. Da agogonka ya zo na daina duban dutse. Na ce yanzu garin nan zai san lokaci na gaskiya. Shekarar farko lafiya. Daga baya sai in fito in tarar matan zumuntar ikilisiya sun riga sun taru suna jira na, suna yi mini sannu da barci. Ni da nake farkawa kafin zakara. Sabon faston nan, yaro ne, sa'anka bai kai ba, ya nuna mini fuskar wayarsa cikin ladabi. Na ce masa wayar da ke suma in an ɗauke wuta ita ce za ta ƙaryata agogon ɗana? Na ce garin ne gaba ɗaya yake gaggawa.

Amma na koma gida na gwada shi a ɓoye. Na jira labaran rediyo, suka riga agogon farawa, na ce ma'aikatan suna sauri ne su tashi. Na gwada da zakarana, wata rana ya goyi bayana, wata rana ya goyi bayan fasto. Na so in gwada da jirgin ƙasa, don a zamaninmu in ya yi kuka a Kafanchan har nan ake ji a san rana ta yi, to jirgin ma ina yake? Sai na koma ga dutse. Dutse ba ya karɓar cin hanci. Rana ta leƙo, na duba hannuna, agogon bai iso ba. Kowane mako yana ƙara nisa a baya. A gaban dattawan ikilisiya ban yarda ba, har gobe ba zan yarda ba. Kai kaɗai nake gaya wa. Habila, agogonka yana makara. Halinka ya ɗauko. Ba da shi a hannunka ka iso bayan an rufe uwarka ba?

Mai gyara ya tambayi aikin da nake yi da hannun. Da na faɗa masa sai ya kama kai. Ya ce abu biyu ke damun agogon, yunwa da duka. Wunin duniya ina zaune, ba ya samun motsin da zai ƙoshi. In na tashi buga ƙararrawa kuma, ƙarfe nake ɗauka in maka wa ƙarfe, kowane bugu yana girgiza masa zuciya, ga ta siririya kamar gashi. Ka ga inda ka sa ni? Bugun nan shi ne babban motsin da ya rage mini. Abin da nake ciyar da shi da shi, shi ke kashe shi.

Ya ce in riƙa murza ɗan maɓallin gefe da yatsa. Na nuna masa yatsuna, ko maɓallin riga ba sa kamawa. Ya ce to in bari ya gyara mini lokacin. Na tambaye shi yaya ake yi. Ya ce za a ja maɓallin waje, siririn tsinken nan mai gudu ya tsaya, a daidaita, a mayar. Na fizge hannuna. Ya ce gaskiyar magana ma agogon wanki yake so, a kai shi birni a buɗe, a warware shi gaba ɗaya, a sa mai. Kuma wai don me nake tayar da hankalina, in ya tsaya ai sai a girgiza shi ya tashi, ba mutum ba ne.

Ba mutum ba ne. Me ya sani? Ka tuna murhun uwarka? Wutarta ba ta mutuwa, da toka take rufe ta, da safe ta tono ta hura. Ranar da ta kwanta ciwo wutar ta mutu, aka ɗebo garwashi a maƙwabta. Tuwo ya dahu, amma ni na san ba wutarta ba ce. Tafiyar da ke cikin agogon nan daga hannunka ta taso. Kai ka tayar da ita, ni hurawa kawai nake. A duk duniyar nan ita kaɗai ce abin da ka fara da bai tsaya ba. In ta tsaya aka girgiza, zai yi tafiya, amma tafiyar wani ce. Wa zan yi wa wannan bayani ya fahimta? Fasto zai ce ina bautar ƙarfe. Wataƙila ma gaskiyarsa.

Lahadin da ta wuce ta sama dattawa suka zo har gida bayan sujada. Suka zauna, suka sha ruwa, suka yi ta zagaye. Wai na yi wa Ubangiji hidima mai yawa, wai lokaci ya yi da zan huta. Na ce su faɗi abin da ya kawo su. Sun karɓe ƙararrawa. Sun ba wani da yake buga ta kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Cikinsu har da wanda na goya a bayana na ƙetare rafi da shi yana ƙarami. Ban raka su ko bakin zaure ba.

Tun daga ranar ba ni da abin ba shi. Ina zagaya tsakar gida ina wurga hannu gaba da baya. Masu wucewa suna leƙe ta kan danga, an ce Baba Shekari ya zama shugaban mawaƙa ba mawaƙa. Na ɓare gyaɗar da ba na bukata. Na share inda na riga na share. In na yi kaɗan sai jiri ya kwashe ni in zauna. To, ga dalilin da na ce zan gaya maka. Rubutun nan da nake yi, don hannu ya motsa ne. A zaune ake yinsa, ba ya kawo jiri. Na san motsin ƙarami ne, kamar a ba doki tsabar gero ɗaya ɗaya. Amma me zan yi?

Jiya da hantsi ina zaune a inuwa, gyangyaɗi ya ɗauke ni. Na farka na duba. Siririn tsinken yana tsaye tsakanin zane biyu, yana rawa kamar ɗan tsako a ruwa. Bai ci gaba ba, bai koma ba. Na yi ihu, na girgiza hannu har kafaɗata ta yi ƙara, ya tafi. Habila, gaya mini, wannan tsayawa ce? Rawa yake yi, na gani da idona, bai daskare ba. Abin da ke rawa ai bai mutu ba, ko? Ko idona ne ya so ya ga haka? Na tambayi Ubangiji, bai ce mini komai ba. Kai ma ba za ka ce ba.

Yanzu maganar matarka. Ka san ra'ayina, ban canja ba. Ita ta riƙe ka a Sabon Tasha can Kaduna har gida ya zama maka wurin ziyara. Har yau Dadi take ce mini, ba Baba ba, kamar wani ɗan ofis, gaisuwarta a tsaye. Miyarta ba daddawa. Amma abu ɗaya zan faɗa, tun ranar da ka bar hannunta a miƙe a asibiti, ba ta taɓa buɗe baki ta tambayi agogon nan ba. Da ta tambaya da na samu abin faɗa. Ta hana ni ko wannan.

Ta zo Asabar da ta wuce da maganin hawan jini. Ta ga robar keke a hannuna. Da za ta gwada jinina ta kama hannun, sai na ga ta sunkuya ta kai kunnenta kan agogon, ta rufe ido. Ta daɗe a haka. Na yi kamar ina kallon kaji.

Wunin ranar hannuwanta na yi ta kallo. Ba sa zama. Ta share, ta wanke, ta daka, ta shanya, tana magana ma hannu na yawo a iska kamar tana faɗa da ƙuda. A makaranta kuma an ce haka take wuni a gaban allo. Hannu irin wannan zai ƙosar da agogo har ya yi ƙiba. Na ji haushin wannan tunani, na kore shi, ya dawo. Da ta cire warwaronta za ta yi wanke-wanke, na zari tsinken tsintsiya na auna faɗinsa. Ba ta gani ba.

Bayan abin da ya faru jiya, yau da safe na koma Kafanchan da tsinken. Na zaɓi fata, mai ruwan ƙasa irin taka, ba ƙyalli, ba kadan ƙarya, gajeriya, mai laushi ta ciki. Mai gyara ya ce wannan ai ta siririn hannu ce, ta wace ce? Na ce ta uwarsa ce. Na sa ya rantse cewa canja maɗauri ba ya tsayar da agogo. Ya ce ko numfashi uku ba zai ɗauka ba. Fatar tana aljihuna yanzu. Asabar mai zuwa in Rifkatu ta zo zan kai ta wurinsa, a cire daga hannuna a ɗaura a nata, ba zai taɓa tebur ba. Zan kafa mata doka. Ba ajiyewa, ba buɗewa, ba jan maɓalli. Makararsa ta bar masa, ta riƙa ƙarawa a ka, ai malama ce. Tsohuwar fatar kuwa tawa ce. Da ita za a rufe ni.

Ba don na sauko ba ne, kada ka yi murna a inda kake. Hannunta nake so, ba halinta ba.

Amma tsoro nake ji, ɗana. In ta ƙi fa? In ta ce lokacin da ta miƙo hannu ya wuce? Yarinya ce har yanzu, in ta yi wani aure, agogonka zai zauna a hannun da wani namiji yake kamawa? In ta manta shi a bakin baho? Kuma in bai kai Asabar ba? Gyangyaɗi yana zuwa mini ba sallama. Ko na kai, ita ta koma Sabon Tasha da shi, me zan kai kunne in saurara a gidan nan? Ƙararrawa ta tafi, alade ta tafi, kai da uwarka kun tafi. Shi kaɗai ne yake magana a nan.

Babban abin kuma, ni ka ba. Ba ita ba. Ka ce in ka fito a hannuna za ka karɓa. Ban taɓa cin amanar ajiya ba, ko ta kwanon hatsi. In na iso inda kake, na san hannuna za ka fara duba. Za ka ga tsohuwar fata ba agogo. Kada ka tambaye ni, Habila. Ni ban tambaye ka me ya hana ka fitowa ba.

Takarda ta ƙare, har bayanta na cika. In na ajiye bairon nan hannu zai tsaya, sai in tashi in kama zagayen tsakar gida. Na duba yanzu. Yana baya, amma yana tafiya.

Ka huta. Ka gai da uwarka, ka ce mata ɗakinta yana yoyo.

Ni ne ubanka, wanda ka bar wa ajiya,
Shekari